Sa hannu a bangon komik: yadda na ga aikin CGC

Kamfanin CGC, wato Certified Guaranty Company, yana garin Sarasota ne, a jihar Florida ta Amurka. A shekarar 2000 ya fara sana'ar da aka san shi da ita: ka aika masa littafin komik, wato labari cikin zane-zane, irin waɗanda kamfanonin Marvel da DC da Image suke bugawa, masanansa su dube shi ciki da bai, su ba shi maki tsakanin 0.5 da 10, su rufe shi a gidan roba mai tauri da tambari a samansa. Ni a unguwar Bronx nake zaune cikin birnin New York, na daɗe ina tara waɗannan littattafai, kuma sashen aikinsu da na fi hulɗa da shi shi ne Signature Series, inda ake tantance littafin da marubucinsa ko mai zanensa ya sa wa hannu.

Ra'ayina a taƙaice shi ne aikin yana da kyau, kuma suna cika alkawarin da suka ɗauka. Sai dai alkawarin nasu shaida ce kawai: wane ne ya sa hannu a wannan littafin, a rana kaza, a gaban wakilinmu. Ko shaidar za ta ƙara wa littafin kuɗi, wannan ya rataya ga littafin kansa, da wanda ya sa hannun, da makin da ya fito. Sau da yawa kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu, kuma sababbin shiga ba su cika jin wannan daga bakin masu sayarwa ba.

Sai an gane maki kafin a gane sa hannu. A littattafan zamani, waɗanda CGC ke lissafawa daga 1975 zuwa yau, makin da kowa ke nema shi ne 9.8. Akwai 9.9 da 10, amma ba safai ake ganinsu ba. Abin da ke raba 9.8 da 9.6 ƙanƙani ne ƙwarai, wata 'yar karaya ce a doron littafin da ba za ka gani ba sai ka karkata shi a gaban fitila, ko kusurwar da ta ɗan dakushe. A kasuwa kuwa wannan 'yar karayar tana iya raba farashi gida biyu. A tsofaffin littattafai kuɗin ya fi ƙarfin lissafin talaka. Amazing Fantasy lamba 15 na 1962, inda Spider-Man ya fara bayyana, mai maki 9.6, an sayar da shi dala miliyan 3.6 a gwanjon kamfanin Heritage a watan Satumba na 2021. Action Comics lamba 1 na 1938, mafarin Superman, mai maki 8.5, ya kai dala miliyan 6 a Afrilun 2024. A riƙe abu guda game da waɗannan biyun, domin zan dawo kansa: babu wanda ke ɗauke da sa hannun kowa a bangonsa.

Launin tambarin da ke saman gidan robar shi ke faɗa maka matsayin littafi tun daga nesa. Shuɗi shi ne na gama-gari, littafi yadda yake da makinsa. Shunayya na wanda aka yi wa gyara ne, aka ƙara masa launi, ko aka manne wani wuri, ko aka datse gefensa, kuma masu tarawa gudunsa suke yi. Kore na littafin da ke da babban aibi guda ɗaya ne, wanda aka ajiye shi gefe aka ba da maki kamar babu shi. Sanannen misali shi ne Incredible Hulk lamba 181 na 1974, wanda Wolverine ya fito a cikinsa sosai a karon farko. Akwai wani ɗan tambarin talla mai kama da kan sarki a cikinsa da yaran wancan zamanin suke yankewa da almakashi su tara, to duk kyan bangon, in an yanke shi kore ne makomar littafin. Sai kuma mai ruwan ɗorawa, wanda shi ne na Signature Series, da aka ƙirƙiro a 2001.

A wurin mai tantancewa, duk tawadar da ta hau littafi bayan ya bar maɗaba'a aibi ce. Ba ruwansa da ko yaro ne ya rubuta sunansa da biro, ko wanda ya zana littafin ne da kansa. Abin da ke fitar da sa hannu daga sahun aibi shi ne a yi shi a gaban wakilin CGC, kuma littafin kada ya ɓace wa wakilin da gani har ya shiga hannun kamfani. In haka ta faru, sai a ba shi tambarin ɗorawa, a rubuta sunan mai sa hannun da ranar, kuma ba a rage maki saboda tawadar. In babu mai shaida, shekara da shekaru zaɓi biyu ne kawai gare ka. Ko a ba ka kore, a rubuta a tambarin cewa an rubuta suna a bango da alƙalami, ko a ba ka shuɗi a ɗauki rubutun a matsayin lahani a zaftare maki. Kore kuwa a kasuwa yawanci ƙasa yake da shuɗi mai maki iri ɗaya.

Wannan kalami na "an rubuta suna a bango" ya daɗe yana sosa mini rai. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa a kan teburin zane, ya tsufa, ya karɓi littafinsa daga hannun mai ƙaunarsa ya rattaba sunansa, sannan a zo a jera shi sahu ɗaya da yaron da ya ɓata bango. Amma na fahimci dalilinsu, kuma ban ga laifinsu ba. Duk wanda ya taɓa sayen fili a gida ya san maganar. Kuɗi na iya shiga hannu lafiya, mai filin na iya zama mutumin kirki, amma in babu mai unguwa da shaidu a wurin, ranar da za ka sayar wa wani ba ka da abin nunawa sai rantsuwarka. Jabun sa hannu sun cika kasuwar nan. Shi ya sa hotonka tare da mai zanen ba ya samo maka tambarin ɗorawa, haka bidiyo, haka takardar shaidar da wasu kamfanoni ke haɗawa da littafi, irin ta Dynamic Forces da ta yawaita a shekarun 1990. Takarda ana iya raba ta da littafinta a haɗa ta da wani.

Hanya biyu na bi na sami ɗorawa. Ta farko taro ce. New York Comic Con, wanda aka fara a 2006 kuma yanzu ake yinsa duk Oktoba a cibiyar Javits da ke Manhattan, CGC na kafa rumfa a cikinsa. Kafin ka shiga layin mai zane sai ka je rumfar ka nemi a haɗa ka da mai shaida. Ya bi ka har teburin, ya tsaya yana kallo ana sa hannu, ku dawo tare, a cike takarda, ka biya, ka bar littafin a wurinsu. In ka ce bari ka je ka ci abinci da littafin a jakarka ka dawo, shaida ta yanke, babu roƙon da zai gyara ta. Masu shaidar da na haɗu da su matasa ne masu haƙuri, duk da cinkoson wurin da tsayuwar wuni guda. Wata daga cikinsu ce ta riƙe mini hannu na dakata har tawada ta bushe kafin in ɗora wani abu a kan littafin, kuma na ji daɗin wannan kulawar, domin goguwar tawada tana rage maki ko da a tambarin ɗorawa ne.

Nan ne shiri yake da amfani, kuma shi ne abin da na fi so mai karatu ya koya. Tun a gida za ka ɗauki ledar littafin ka yanke mata taga daidai inda kake son sa hannun ya sauka, ka yanke kafin ka sa littafin a ciki. Ka zagaye tagar da tef mai launi irin na masu fenti, ka rubuta a kansa sunan mai sa hannun da launin alƙalamin da kake so, ka sa kwali biyu a baya don ya yi ƙarfi. Ta haka yatsun kowa ba sa taɓa bangon. Mai zane da ya wuni yana sa hannu a ɗaruruwan littattafai ba shi da lokacin lallaɓa naka, jawo shi zai yi ya rubuta ya tura gaba. Bango mai duhu yana son tawada ruwan azurfa ko ruwan zinari, mai haske yana son baƙi ko shuɗi. Alƙaluman fenti masu ruwan azurfa sun fi kyau a ido, sun kuma fi hatsari. Na ga wani a gabana a layi, alƙalamin ya yi aman tawada a fuskar jarumin da ke bangon littafinsa, ba laifin kowa ba ne, amma littafin ya tashi daga aiki. Tun daga ranar nake roƙon a fara gwada alƙalami a kan kwali. Biro kuma in an danna shi da ƙarfi yana barin kwari a takarda har ya nuna ta baya, wannan ma mai tantancewa yana gani.

Hanya ta biyu ta fi sauƙi ga wanda ba ya iya zuwa taro. CGC na gayyato mai zane ko marubuci, wani lokaci har ɗan wasan fim, a ware masa ranakun sa hannu. Su sanar da ranar rufe karɓa, ka aika littafinka ta gidan waya da tagarsa a shirye, a sa hannu a gaban ma'aikatansu, a wuce da shi wurin tantancewa kai tsaye. Wannan tsari ya bunƙasa sosai a lokacin korona da aka dakatar da taruka. Mai bin wannan hanyar ya shirya jira na watanni, domin ranar rufe karɓa daban, ranar sa hannu daban, layin tantancewa kuma daban. Ana iya haɗawa da guga, wadda sashensu na CCS ke yi: a sa littafin a na'ura mai zafi da ɗan danshi a danne lanƙwasar da ba ta karya launi ba. CGC ba ya lissafa guga cikin gyaran da ke jawo shunayya. Ga littafin da zai bi ta hannun mutane da yawa, ina ganin guga bayan sa hannu ta cancanci kuɗinta.

Ta wannan hanyar na aika Spawn lamba 1 na 1992 don Todd McFarlane, wanda ya ƙirƙire shi ya kuma zana shi, ya sa hannu. Ya dawo a naɗe da kyau, gidan robar garau, sa hannun a tsakiyar tagar da na yanke, maki 9.6. Na yi murna da shi har yau, domin yana cikin littattafan da suka fara ja na cikin wannan harka. Amma in za a yi maganar kuɗi, ga gaskiyar. An buga Spawn lamba 1 kwafi kusan miliyan 1.7, kuma mutane sun adana su da kyau saboda a lokacin kowa na zaton zai yi arziki da su. McFarlane kuma ya sa hannu a dubbai. Kuɗin sa hannu da tantancewa da guga da aikawa da inshora da dawowa sun haura dala 100, kuma in na kai shi kasuwa da 9.6, da ƙyar in mayar da abin da na kashe. Na san da haka tun kafin in aika. X-Men lamba 1 na 1991 da Jim Lee ya zana ya ma fi shi yawa, an buga sama da miliyan 8. Littafin da ke ko'ina, sa hannun da ke ko'ina ba zai mayar da shi abin nema ba.

Ɗan yayata da ke karatu a nan ya zo hutu wurina, ya ga jerin gidajen robar a kanta, ya shiga wayarsa ya ga farashin da ake rubutawa a eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet. Ya ce, "Kawu, ashe kuɗi ne a kwance haka? In na sayi sababbi goma na kai aka sa hannu, ai na ninka jarina." Na ce masa, "Ɗana, farashin da ka gani na masu nema ne. Duba na waɗanda aka riga aka sayar." Muka zauna muka duba tare, a eBay ɗin da kuma GoCollect, inda ake tara tarihin ciniki. Abin da ya gani shi ne abin da na saba gani. A yawancin littattafan zamani, ɗorawa mai 9.8 yana fin shuɗi mai 9.8 kuɗi, amma bambancin bai cika wuce abin da aka kashe wajen samo sa hannun da yawa ba. In kuwa makin ya sauka zuwa 9.4 ko 9.2, uwar kuɗin ma ba ta dawowa. Na kuma nuna masa ƙididdigar da CGC ke wallafawa a shafinsu, wadda ke faɗin kwafi nawa na kowane littafi suka tantance, a wane maki, da wane tambari. Kafin ka kashe ko sisi, wannan ƙididdigar za ta gaya maka mutum nawa suka riga ka.

Inda sa hannu yake ƙara daraja da gaske shi ne inda abubuwa uku suka haɗu: littafin yana da muhimmanci a tarihin jarumin, mai sa hannun yana da hannu a aikin, kuma samun sa hannunsa ya yi wuya ko ya gagara. Koma kan Hulk lamba 181. Len Wein ne ya rubuta shi, ya rasu a 2017. Herb Trimpe ne ya zana shi, ya rasu a 2015. John Romita babba, wanda ya tsara kayan Wolverine, ya rasu a 2023. Duk tambarin ɗorawa da ke ɗauke da sunayen nan an gama yinsa, ba za a ƙara ko ɗaya ba. Haka fitattun masu zane George Pérez da Neal Adams, da suka rasu kwanaki kaɗan tsakani a 2022. Ba na jin daɗin yadda kasuwa ke tashi washegarin rasuwar mutum, kuma na ga masu gaggawar fito da hajarsu tun kafin a yi jana'iza, amma haka lissafin yake tafiya.

Stan Lee, fitaccen marubucin Marvel, shi ne batun da ya fi rikitar da mutane. Ya rasu ranar 12 ga Nuwamba 2018 yana da shekara 95, kuma a shekarunsa na ƙarshe ya zagaya taruka yana sa hannu ga dogayen layuka. Saboda haka sa hannunsa da aka shaida yana da yawa ƙwarai, duk da cewa buƙatarsa ma tana da yawa, shi ya sa har yanzu yake riƙe da daraja. Na farkon shekarun tambarin ɗorawa tsaf yake, na dab da rasuwarsa kuwa hannu ya fara rawa, wani lokaci harufan sun cakuɗe, kuma masu saye suna bambancewa. An kuma riƙa kai masa littattafan da bai rubuta ba, har da waɗanda aka buga bayan ya daɗe da barin aikin rubutu na yau da kullum. Ni dai sa hannunsa a littafin da ya rubuta da kansa nake daraja wa. A kan na wani, suna ne kawai aka ɗora.

To ina abokan aikinsa? Mai zane Jack Kirby ya rasu a 1994, shekara 6 kafin a kafa CGC, don haka babu wakilin da ya taɓa tsayawa a kansa. Steve Ditko, wanda ya ƙirƙiri Spider-Man tare da Lee, ya rayu har 2018, amma ya ƙaurace wa taruka da hira da 'yan jarida shekaru da dama. Wannan ne babban gibin tsarin. Fantastic Four lamba 52 na 1966, inda Black Panther ya fara fitowa, za ka same shi da shaidar sa hannun Lee, ba za ka taɓa samunsa da shaidar gani da ido ta Kirby ba, alhali Kirby ne ya zana shi. Tsarin ya fifita wanda ya yi tsawon rai ya kuma yarda ya zauna a teburin taro.

Wani kamfani ne ya fara toshe wannan gibin. CBCS, wanda Steve Borock, tsohon shugaban masu tantancewa na CGC, ya kafa a 2014, kuma kamfanin Beckett ya saya a 2017, ya daɗe yana karɓar sa hannun da ba a shaida ba, masana su gwada shi da sanannun samfura su yanke hukunci. Sai a 2024 uwar kamfanin CGC ta sayi JSA, wato James Spence Authentication, masu tantance sa hannun 'yan wasa da fitattun mutane, aka fito da sabon tambari mai ɗorawa da baƙi don sa hannun da masana suka gaskata. A ganina wannan ne gyara mafi amfani da suka yi tun da na san su.

Na ga amfaninsa a hannun wata abokiyar aikina Ba'amurkiya. Mahaifinta ya rasu ya bar mata kwali cike da littattafai, cikinsu akwai wani Fantastic Four na ƙarshen shekarun 1960 da sunan Kirby a ƙasan shafin farko, da biro. Haka ake yi a da, a ciki ake sa hannu don kada a ɓata bango. Littafin ya sha karatu, kusurwoyinsa sun dakushe, takardarsa ta yi ja, ba wani mai tsada ba ne. Ta tambaye ni ko ta aika, na ce ta aika, na taimaka mata da naɗewa. Ya dawo da matsakaicin maki da sabon tambarin, an gaskata sa hannun. Ba ta da niyyar sayarwa. Abin da ta samu shi ne tabbacin cewa labarin da mahaifinta ya sha ba su, na ranar da ya tsaya gaban Kirby, gaskiya ne. Akwai dai hasara guda da na gaya mata tun kafin ta aika: da zarar an rufe gidan robar, shafin farko ya ɓuya, sa hannun da ake magana a kansa ba za ta sake ganinsa ba sai a rubuce a tambari. Ta ɗauki hotonsa da kyau tukuna.

A sani kuma cewa tambari biyun ba ɗaya ba ne. Ɗorawa zalla na nufin an gani da ido. Ɗorawa da baƙi na nufin masani ya duba ya gamsu. Masu saye da yawa suna sa na farkon a gaba, kuma suna da hujja. Kuɗin da ka biya na dubawa ne, masanin yana iya cewa bai gamsu ba.

Ga tsofaffin littattafai masu babban maki kuwa, shawarata ɗaya ce, kada a sa musu hannu. Waɗancan biyun na miliyoyin daloli da na ambata bangonsu wankakke ne, kuma manyan masu tara littattafan shekarun 1940 zuwa 1960 abin da suke biya shi ne littafi ya iso yau kamar yadda ya bar maɗaba'a. Tawadar alƙalamin Sharpie a kan bangon da ya tsira shekara 60 ba ta gogewa. Wasu za su so shi, wasu da dama za su juya baya, ka rage yawan masu sayenka da hannunka. In kana son sa hannun wani dattijo a tsohon aikinsa, nemi kwafi mai matsakaicin maki, 4.0 zuwa 6.0. A nan sa hannu yana ƙawata littafin, kuma babu abin da aka lalata.

Akwai abubuwan da ban so ba a tsarin, kuma duk a fili suke ga kowa. In littafinka yana cikin gidan roba da shuɗin tambari kana son a sa masa hannu, dole a fasa gidan, a sake tantance shi daga farko, kuma babu wanda ya lamunce maka tsohon makinka. Mai 9.8 na iya dawowa 9.6. In kuma ɗorawa ne kana son ƙara suna na biyu, wakilinsu ne zai fasa, in ka fasa da kanka shaidar farko ta tafi. Masu zane da yawa kuma suna da farashi biyu a teburinsu, na mai son sa hannu kawai, da na wanda ya zo da mai shaida, na biyun ya fi tsada. Ban zarge su ba, sun ga ana cin riba da sunansu. Amma hakan ya canja yanayin layin. Dā mutum yakan tsaya ya gaya wa mai zane yadda wani labari ya taɓa shi, yanzu rabin layin masu ɗauke da tulin littattafai ne a cikin leda masu taga, ana ƙirga kuɗi. Ga littattafai masu tsada kuma kuɗin tantancewa yana bin darajar littafin ne, yana hawa yadda take hawa. Sannan a ƙarshen 2023 kamfanin da kansa ya tabbatar da cewa wasu sun yi dabarar buɗe gidajen roba suna musanya littattafan ciki da na ƙasa da su, ya fitar da jerin ɗaruruwan lambobin da abin ya shafa, ya kai ƙara kotu. Sun fito sun yi bayani, na yaba da hakan, amma ya isa ya nuna cewa a duba littafin da ke ciki, kada a tsaya ga lambar da ke sama.

Ga wanda ke Najeriya ko Nijar ko Gana yana tunanin aikowa, kuɗin jirgi zuwa da dawowa da inshora da abin da kwastam za su nema na iya fin darajar yawancin littattafai. In ba babban littafi ne a hannunka ba, leda mai kyau da kwali da wuri mai sanyi mara danshi sun wadatar. Gidan robar ma ba ya hana ruwa shiga, kuma rana tana cin launin bango da tawadar sa hannu ta cikinsa, don haka kada a jingine shi kusa da taga. In ka sami mai zanen da kake ƙauna a taro, ko Lagos Comic Con ne ko wani, babu wakilin CGC a wurin, karɓi sa hannunka da farin ciki, ka ce ya rubuta sunanka ma in kana so. Rubuta sunan mai littafi yana rage masu saye, amma littafin da ba na sayarwa ba wannan bai shafe shi ba.

Mai sayen wanda aka riga aka rufe kuma, kowane gidan roba yana da lambar shaida a tambarinsa. Shigar da ita a shafin CGC, ka ga ko sunan littafin da makin da mai sa hannun da ranar sun dace da abin da ke hannunka, in akwai hoto ka gwada kusurwa da kusurwa. Littafin da ba ya cikin gida kuwa, wanda aka ce Stan Lee ne ya sa wa hannu, sai an yi hattara sosai. A wata kasuwar ƙarshen mako na tarar da mai tebur da tulinsu, kowanne da takardar shaidar da aka buga a gida, farashi mai sauƙi, sa hannun duk kamar an ɗora su a kan juna, tsawo ɗaya, karkata ɗaya. Hannun mutum ba ya maimaita kansa haka. Na ɗaga guda na duba shekarar bugu a ƙasan shafin farko, sai na ga 2019.